Awon Madarar Jariri Ba Ya Bin Aljihu

Cikin jaririn da aka haifa yau ba ya ɗaukar fiye da mililita 5 zuwa 7 a shan farko, wato kamar cokalin shayi guda. Kafin ranar suna ya buɗe zuwa mililita 45 ko 60. Daga nan ma'aikatan lafiya kan yi lissafi da nauyi: kusan mililita 150 ga kowane kilo a kwana ɗaya. Jariri mai kilo 3 zai sha wajen mililita 450, a raba masa sau takwas, dare da rana. Nonon uwa dai shi ne kan gaba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba da shi zalla har wata 6. Amma akwai marayan da uwarsa ta rasu wajen haihuwa, akwai uwar da ciwo ya kwantar, kuma su wannan lissafi ya shafa.

A unguwa irin Hammadu Kafi a Gombe, inda ake sayo madarar gwangwani a kemis, ruwa kuma a hannun 'yan garuwa, abin tsoron shi ne tsinka madara. Yawancin gwangwanaye sun rubuta cokalin awo ɗaya, a share bakinsa, ga ruwa mililita 30. Da wannan awo gwangwani mai giram 400 ba ya kai mako ga jariri mai kilo 3. Mai gida zai ce ai da babu gara ba daɗi, a ƙara ruwa ta yi auki. Uzurin talauci gaskiya ne, ba a raina shi ba, sai dai ruwan da aka ƙara cika ciki kawai yake yi: jariri ya rame a hankali, gishirin jininsa ya ragu, wani lokaci har ya kai ga jijjiga. Madarar shayi da koko ma ba sa maye gurbinta, domin ƙodarsa da hanjinsa ba su yi ƙwarin ɗaukarsu ba. Wanda kuɗi ya gaza gara ya je asibiti, ko Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a duba ko za a iya farfaɗo da nonon uwa.

Kakanni kan ce yaro na kuka, bai ƙoshi ba. Ba kowane kuka ne yunwa ba. Zafin Gombe kaɗai ya isa. Mai jin yunwa yakan tsotsi hannu, ya juya kai yana laluben nono, wanda ya ƙoshi kuma ya kau da kai, kada a ɗura masa. Shaidar ƙoshi ita ce ya jiƙa kunzugu sau shida a kwana bayan kwana biyar, ya kuma dawo nauyin haihuwarsa wajen mako biyu. Ruwan haɗawa a tafasa shi, a zuba garin tun zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a huce. Abin da ya rage a fida bayan awa biyu a zubar.