Hanya ɗaya, cuta biyu: binciken da ya haɗa ciwon sukari da sankara

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kowacce kuma lulluɓe take da tantani na kitse. An daɗe ana ɗaukar wannan kitse a matsayin katanga kawai. A 1953, a ƙasar Kanada, wasu masana miji da mata, Lowell da Mabel Hokin, suka lura cewa wani nau'in kitsen tantanin yana sauyawa da zarar saƙo ya iso wa ƙwayar. Ashe katangar ma tana isar da saƙo.

A 1988, a birnin Boston na Amurka, Lewis Cantley da abokan aikinsa suka gano sinadarin da ake kira PI3K. Aikinsa shi ne ɗora alama a kan wannan kitse, alamar da ke umartar ƙwaya ta ci, ta girma, ta rayu. A 1990 aka nuna cewa insulin ma yana tayar da wannan sinadari. Ta wannan hanya sukari ke barin jini ya shiga tsoka. Idan hanyar ta yi rauni, sai ya taru a jini, kamar yadda ake gani a ciwon sukarin manya.

Idan kuwa hanyar ta ƙi rufuwa, sai ƙwayoyi su yi ta hayayyafa babu tsayawa. A 1997 aka gano PTEN, wanda daga baya aka fahimci shi ne birkin da ke goge alamar. A 2004 masana a jami'ar Johns Hopkins suka sami lahani a PI3K cikin sankarar hanji, ta mama da wasunsu. A 2019 Amurka ta amince da alpelisib, maganin da ke toshe hanyar ga wasu masu sankarar mama. Sai dai yakan hawar da sukari, domin hanyar guda ce.

Saboda haka, mai ciwon sukari da za a fara wa maganin sankara ya sanar da likita tun farko, kuma ya riƙa tafiya da katin asibitinsa, ko Maraɗi za shi ko Katsina. Wadda ta ji kulu a mama, ko da ba ya ciwo, kada hidimar kasuwa ta sa ta jinkirta zuwa asibiti. Sankarar da aka gano da wuri ta fi sauƙin magani.