Karen Bara Ma Yana Neman Gida

A ƙauyukan Dantchiao, kamar sauran karkarar Magarya da Dungas, babu gidan ajiye karnuka irin na Battersea da aka kafa a Landan tun 1860, inda mutum zai je ya zaɓi karen da ya rasa mai shi. Amma karen da ya rasa mai shi kam akwai shi. Wani na maharbi ne, gudu ya ƙare masa aka daina fita da shi daji. Wani kuma maigidansa ya tafi cin rani Kano ko Agadas, iyali suka koma wajen dangi, shi kuwa ya koma bin rumfar mahauta ran kasuwa. Abin da nake gani shi ne, gidan da ke buƙatar kare don tsaron garke ko rumbu ya fara duba irin wannan kafin ya nemo ɗan kwikwiyo. Akwai tausayi a ciki, amma babban dalili lafiyar gari ce.

Ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma na waɗanda ake cizo yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, sai dai addu'a. Hanyar da aka tabbatar tana katse shi ita ce a yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allurar rigakafi. Haka aka yi a Injamena a 2012 da 2013, cutar ta ja baya ƙwarai. To amma allura ba ta samun karen da ba ya kamuwa, kuma kare ba ya tsayawa a riƙe shi sai ga hannun da ke ba shi tuwo. Karen juji ba ya shiga lissafin ma'aikatan kiwo. Ranar da ya samu gida, ranar ya shiga. Nan ne kuma kuskuren zuba guba yake: a kashe manyan karnuka, har da waɗanda aka taɓa yi wa allura, bayan ƴan watanni ƴan kwikwiyo da baƙin karnuka marasa rigakafi su cike gurbinsu, gari ya fi da zama cikin haɗari. A yanki irin wannan da ke bakin iyakar Nijeriya, inda dabba ba ta san kan iyaka ba, gurbi ba ya daɗewa a buɗe.

Mai ƙorafi na farko zai zo ne ta fuskar addini, kuma ya cancanci a saurare shi. Gaskiya ne hadisi ya yi gargaɗi cewa ladan mutum na raguwa in ya riƙi kare ba don kiwo, noma ko farauta ba, kuma Risala, wadda almajiranmu ke karantawa a zaure, ta tsaya a kan waɗannan ukun. Sai dai mutumin Dantchiao mai gero a rumbu da awaki a turke yana tsakiyar wannan rangwame ne, ba a gefensa ba. Masu sharhin Risala ma sun ruwaito cewa marubucinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare don tsaro lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki umarni ne da ake bi don ibada. Ba a ce a shigar da shi ɗaki ba, gindin rumbu ya ishe shi. Labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa kuwa yana cikin Buhari da Muslim, kuma karen nan ba nasa ba ne.

Na biyu zai ce ai karen bana shi ke maganin zomon bana. Ga zomo, haka ne. Amma gadin gida ba tsere ba ne, kunne ne da haushi da sanin na gida daga baƙo. Tsohon kare ya riga ya nuna halinsa: maƙwabta sun san ko yana cin kaji, ko yana bin yara, ko ya saba da tumaki. Kwikwiyo kuwa sai an yi wata da watanni ana ciyar da shi kafin a san abin da aka ɗauko, in ma ya rayu, don da yawansu tsutsar ciki da zawo ke ɗauke su tun suna ƙanana. Batun cewa tsoho ba ya sabon gida, ƴan makonni na abinci a wuri ɗaya daga hannu ɗaya sukan warware shi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na uku: in karen yana ɗauke da cutar fa? Tana iya ɓuya wata biyu zuwa uku, wani lokaci fiye, kafin ta nuna. Saboda haka maganata ba ta shafi karen da ya faɗo gari ba a san daga ina ba, balle mai dalalar da miyau, mai cizon itace, ko wanda muryarsa ta sauya. Wannan a kai rahotonsa ga ma'aikatan kiwo, kada yaro ya matsa kusa. Wanda ake nufi shi ne karen da unguwa ta san asalinsa. A nemi izinin mai shi ko danginsa, a ɗaure shi a inuwa da ruwa, a nemi likitan dabbobi ya yi masa allurar hauka, ya ba shi maganin tsutsa da na kaska, a riƙa sabunta allurar yadda ya ce. In ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi likita a ranar, karen kuma a tsare shi kwana 10 ana dubawa maimakon a kashe shi nan take. Abincinsa ƙanzo ne da ragowar tuwo da dusa, a jiƙa masa in haƙora sun lalace. Gidan da ya san ba zai iya wannan ba idan damina ta yi tsakiya hatsi ya ja baya, gara ya bar wa maƙwabci mai garke ya ɗauka.