Kiristocin Nijar da darasin Ayuba

Ranar Juma'a 16 ga watan Janairu na shekarar 2015, tarzoma ta ɓarke a Damagaram bisa zanen ɓatanci da wata jarida ta Faransa, Charlie Hebdo, ta buga. Kashegari wutar ta isa Yamai. Mutane 10 suka rasa rayukansu a biranen biyu, aka ƙona majami'u 45 a babban birni kaɗai, bisa ƙididdigar ƴan sanda. Shugaba Isufu Mahamadu ya yi Allah wadai da ta'asar, gwamnati kuma ta ayyana zaman makoki na kwana 3.

Kiristoci ƴan ƙalilan ne a ƙasar nan, amma ba baƙi ba ne. Tun 1924 mishan ta SIM ta sauka a Damagaram, kuma asibitinta na Galmi, wanda aka buɗe a 1950, ya yi jinyar Musulmi da Kirista ba tare da tambayar addinin kowa ba.

To, da me mutum yake riƙe imaninsa idan ya wayi gari wurin ibadarsa ya zama toka? Limaman majami'u sukan mai da mabiyansu ga Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassararsa da Hausa tun 1932. A ciki akwai labarin Ayuba, mai tumaki 7000 da raƙuma 3000, wanda ya rasa dukiya da ƴaƴa 10 a yini guda, cuta kuma ta biyo baya. Ayuba ya yi kuka, ya yi tambaya, har matarsa ta ba shi shawarar ya juya wa Ubangiji baya, amma ya ƙi. Manzo Bulus kuma, a sura ta 5 ta wasiƙarsa ga Romawa, ya koyar da cewa wahala tana haifar da jimiri, jimiri ya gyara hali, hali ya kai ga sa zuciya.

Abu mafi nauyi shi ne umurnin Linjila na ƙaunar maƙiyi. A kansa ne shugabannin majami'u suka kira jama'arsu ga gafara, suka hana ramuwa. Wasu Musulmi ma sun ɓoye maƙwabtansu Kiristoci cikin gidajensu har ƙura ta lafa. Bayan haka aka sake gina majami'u da dama, ibada kuma ta ci gaba a cikinsu.