3.4 Matsalolin Ƙafa ga Yara Masu Tasowa da Matsayin Shimfiɗar Cikin Takalmi

A wannan sashe za a yi bayani a kan matsalolin ƙafa da kan tayar wa iyaye hankali tun daga lokacin da yaro ya fara tatata har ya balaga, sannan a dubi inda shimfiɗar cikin takalmi take da amfani da inda ba ta da shi.

Ƙafar babban mutum tana da ƙasusuwa 26, amma ta jariri mafi yawanta guringuntsi ce, kuma akwai kitse da ya cike kwarmin tafinta. Wannan ne ya sa ake ganin tafin ƙafar ƙaramin yaro a shimfiɗe. Kwarmin kan bayyana ne sannu a hankali, galibi tsakanin shekara 6 zuwa 10. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a sa yaro ya yi ɗage, wato ya tsaya a kan yatsunsa. Idan kwarmin ya fito, kuma yaron ba ya kukan ciwo, to, ba cuta ba ce.

Duk da haka, an daɗe ana saya wa irin waɗannan yara takalma na musamman da shimfiɗa mai tudu a tsakiya, da nufin gyara ƙafar. A shekarar 1989, Wenger da abokan aikinsa a Amurka sun wallafa sakamakon binciken da suka yi, inda suka raba yara rukuni huɗu, wasu da shimfiɗa ko takalmin gyara, wasu babu. Bayan shekara uku ba a sami wani bambancin a-zo-a-gani a tsakaninsu ba. Haka kuma a 1992, Rao da Joseph sun duba yara 2,300 a Indiya, suka gano cewa shimfiɗaɗɗen tafi ya fi yawa ga masu sa takalmi (kashi 8.6 cikin ɗari) a kan masu yawo ba takalmi (kashi 2.8). Ke nan yawon da ɗan Bahaushe yake yi ƙafa a ƙasa ba ya hana kwarmin fitowa, ko da yake yana jawo kaushi da faso da taka ƙaya.

Inda shimfiɗar take da amfani shi ne wajen rage ciwo. Misali, yaro ɗan shekara 8 zuwa 14 mai yawan guje-guje da ƙwallo kan yi fama da ciwon diddige, saboda jijiyar agara tana jan wurin da ƙashin yake girma. Shimfiɗa mai taushi da ke ɗan ɗaga diddige, tare da hutu, tana kawo sauƙi. Sai dai ba ta sauya surar ƙashi.

Akwai kuma matsalolin da shimfiɗa ba ta magance su sam. Na farko, murɗaɗɗiyar ƙafar da ake haihuwar yaro da ita, wadda kan sami kimanin jariri 1 cikin 1,000. Ana gyara ta da dabarar Dokta Ponseti na Jami'ar Iowa: a miƙar da ƙafar a naɗa filasta kowane mako har sau biyar ko shida, galibi a ɗan tsaga agara, sannan a sa takalmi mai sandar ƙarfe har zuwa shekara 4 ko 5, akasari da dare. Na biyu, gwame ko lanƙwasar ƙafa da laushin ƙashi ke haddasawa. Binciken Thacher da abokan aikinsa a Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci shi ne babban sanadinsa ga yaran da aka duba.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa haɗarin ba ya ga shimfiɗar ita kanta, yana ga jinkirin da dogaro da ita kan jawo. Idan ƙafa ta ƙage, ko matsalar tana gefe ɗaya, ko yaro yana ɗingishi, abin da ya kamata shi ne a garzaya asibitin ƙashi, irin na Dala a Kano, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.