Mu kiyaye cibiyar jinjiri

Kwana 28 na farko su ne mafi haɗari a rayuwar ɗan Adam. Jikin jinjiri bai yi ƙarfin kare kansa ba tukuna, kuma cibiyarsa miki ce buɗaɗɗa. Ta nan ne ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani, suke samun hanyar shiga jininsa.

Daga cikinsu akwai ƙwayar tetanos, wato ciwon sarƙe-haƙora. Tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. In ta shiga cibiya, ciwon yakan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 14, sau da yawa dab da ranar suna. Jinjirin da yake shan mama lafiya sai ya kasa buɗe baki, jikinsa ya sandare. Mukan ce iska ce ta taɓa shi, alhali dattin da ya taɓa cibiya ne.

Rigakafi yana farawa tun daga ciki. Mace ta riƙa zuwa awo, a yi mata allurar tetanos sau biyu, da tazarar mako huɗu aƙalla, don kariyar ta isa ga ɗanta. Haihuwa a gidan likita ta fi. In haihuwa ta zo a gida, ungozoma ta wanke hannu da ruwa da sabulu, ta yanke cibi da sabuwar reza, ta ɗaure da zaren da aka tafasa.

Kada mu sa toka, ko man shanu, ko ƙasa, ko kashin shanu a cibiya. Mu bar ta a bushe, da tsabta. In ma'aikatan lafiya sun ba mu maganin kulorhekzidin, mu shafa shi kullum har kwana 7, amma kada ya taɓa ido. Kada mu zubar da dakashi, domin shi ne rigakafin farko na jinjiri. Mu sa shi a mama cikin awa ɗaya bayan haihuwa. Askar wanzami da ta bi kawuna da yawa ita ma tana ɗaukar cuta, haka nan cire beli yana buɗe wani sabon miki.

Ga alamomin da ba su jira:

1. Jinjiri ya ƙi shan mama.
2. Jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ko ya yi sanyi.
3. Yana numfashi da sauri, sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙirjinsa yana lotsawa.
4. Yana fizge-fizge, ko ba ya motsi sai an taɓa shi.
5. Cibiya ta yi ja, tana ruwa ko tana wari.

Ko alama ɗaya muka gani, mu kai shi likita a ranar, uwa ta rungume shi a ƙirjinta, fata da fata, tana ba shi mama a hanya. Maganin wannan cuta, kamar allurar jantamisin, ma'aikacin lafiya ne kaɗai ya san gwargwadonsa. Kada mu sayi ƙwayoyi wajen masu talla a kasuwa. In an fara magani, mu cika kwanakinsa ko da yaro ya samu sauƙi.

Kira na musamman ga maigida da kaka: al'adar zaman jego ba ta hana kai jinjiri likita. Ciwon da ya fara da safe yana iya kashe shi kafin gari ya waye. Kada mu ce sai bayan suna.