Haruffan Da Ke Bayan Sunan Mai Farar Riga

Tun da gwamnatin Jihar Sakkwato ta fito da tsarin tura ma'aikatan lafiya aikin shekara biyu a karkara a 2025, gardama ba ta ƙare ba a majalisun Wurno da Rabah da Goronyo. Wani ya ce likitoci za a kawo, wani ya ce ina, nas-nas ne kawai. Abin da ke damuna shi ne da yawa cikin masu gardamar ba su san bambancin ba, domin a wurinmu duk wanda ya sa farar riga likita ne, daga mai yanka kati har mai fiɗa. Alhali bayanin yana nan cikin ’yan haruffan da ke biye da sunan mutum a hatimi ko a ƙofar ofis.

MBBS ita ce shaidar likita: shekara shida a jami'a, irin ta Usmanu Ɗanfodiyo, sai shekara ɗaya ta horo a asibiti kafin hukumar MDCN ta yi masa cikakkiyar rajista, kuma kowace shekara sai ya sabunta lasisi. Na haƙori BDS yake ɗauke da ita. Idan ka ga an ƙara FWACS ko FWACP ko FMCP, wannan ya ƙara wasu shekaru biyar ko shida ya ƙware a fanni guda. Irinsu galibi a birni suke, a Asibitin Koyarwa na UDUTH ko Asibitin Ƙwararru. RN ma'aikacin jinya ne, RM unguwarzoma, dukansu ƙarƙashin hukumar NMCN. Mai naƙuda ta samu RM a kanta ta dace, domin karɓar haihuwa ita ce sana'ar da aka horar da ita a kai.

Amma wanda mutumin ƙauye ya fi haɗuwa da shi, a ƙaramin asibiti ko ɗakin shan magani, shi ne CHEW, ko ƙaninsa JCHEW, ko babbansu CHO. Jami'an lafiyar al'umma ke nan. Da yawa cikin namu daga kwalejin Sultan Abdurrahman ta Gwadabawa suka fito, CHEW shekara uku, JCHEW shekara biyu, kuma suna da tasu hukumar rajista tun 1992. Aikinsu yana tafiya ne da wani littafin umarni wanda ya fayyace abin da za su yi wa zazzaɓin cizon sauro, gudawa, rigakafi da awon ciki, ya kuma ja layi: idan ka ga alama kaza, kada ka riƙe, tura shi gaba.

A nan ne muke zaluntar su. Jami'i ya duba yaron da ke jijjiga, ko mace mai zubar jini, ya ba da taimakon farko ya ce a wuce Babban Asibitin Wurno ko Sakkwato, sai dangi su fito suna cewa bai iya aiki ba. Daga nan sai kemis, inda ba a taɓa cewa "wannan ya fi ƙarfina". Misali, direban da ke jigila tsakanin Goronyo da Sakkwato ya san duk wani rami da kwanar da ke hanyar, ya fi baƙo saninta nesa ba kusa ba. Amma ranar da aka miƙa masa makullin tankar mai ya ce lasisinsa bai kai nan ba, wa zai ce bai iya tuƙi ba? Wanda za a ji tsoro shi ne wanda ya karɓi makullin ya tayar. Jami'in da ya tura ka gaba ilminsa ne ya yi aiki.

Shi kuwa mai kemis, lasisin da Hukumar Harhaɗa Magunguna ta PCN ke ba shi na sayar da magungunan da ba su buƙatar takardar likita ne. Babu allura a ciki, babu ƙarin ruwa, balle ƙarin jini. Masanin magunguna na gaske B.Pharm ko PharmD yake da ita, mai gwajin jini da fitsari kuma BMLS.

Ko "Dakta" a gaban suna ba ta nufin likita dole. Dakta Faruk Umar Abubakar, ɗan Wurno, wanda ya shugabanci hukumar NMCN kafin ya zama Kwamishinan Lafiya na jiha, ma'aikacin jinya ne da ya kai ƙololuwar karatu, ba ta hanyar MBBS ba. Wannan bai rage masa komai ba. Likitan dabbobi ma Dakta ne. MPH kuwa digiri na biyu ne a lafiyar al'umma, wanda bai taɓa riƙe sirinji ba yana iya samunsa.

Saboda haka tsawon jerin haruffa a allon asibitin kuɗi kada ya ruɗi kowa. Wasu na zama ɗan ƙungiya ne kawai, wasu na kwas ɗin ’yan makonni. Haruffa kuma ana iya sace su: a 2015 aka bankaɗo wani mutum da ya shafe kusan shekara tara yana aiki a matsayin likita a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, a Abuja, da takardun abokinsa. Idan haka ta faru a hedikwata, ina ga ƙauyen da matsalar tsaro ta sa masu sa ido ba su leƙawa?

Ban ga dalilin da zai sa a bar wa majinyaci wannan bincike ba. Yawancin matan da ke zuwa awo ba su karanta boko, kuma kunya ba za ta bar su su tambayi ma'aikaci matsayinsa ba. Abin da ya kamata Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko su yi bai da tsada: kowane ma'aikaci ya rataya katin da ke ɗauke da matsayinsa da lambar rajistarsa, a kuma kafa allo a bakin kowane asibiti, da Hausar boko da ajami, mai nuna su wa ke aiki a ciki, da abin da ake iya yi a nan, da wanda sai an tura gaba. Kwamitocin lafiya na mazaɓu su ne ya dace su fara neman wannan a zamansu na gaba.