Uraniyom ɗin Arlit: motsin gayya da ke cikin cibiyarsa

Tun 1971 ake fitar da uraniyom daga Arlit, amma ba kowa ya san abin da ke gudana a cikin ƙarfen kansa ba.

Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, inda ƙananan ƙwayoyi iri biyu, furoton da nutoron, suke cunkushe. Fiye da kashi 99 cikin 100 na uraniyom ɗin da ake haƙowa nau'in 238 ne, mai furoton 92 da nutoron 146. Cibiyarsa ta ɗan yi tsawo kamar ƙwai. Idan hasken gamma ya buge ta, ƙwayoyin sukan kaɗa tare, kamar ƴan gayya masu ɗaga hauya lokaci guda.

Mafi ƙarfin wannan motsi, wanda aka gano a 1947, shi ne furoton duka su yi gefe ɗaya, nutoron su yi ɗaya gefen. Akwai kuma masu taushi, waɗanda makamashi kaɗan ke tayarwa. Ɗaya ana kiransa motsin almakashi: furoton da nutoron suna buɗewa da rufewa kamar almakashin tela. An fara ganinsa a 1984 a Darmstadt ta ƙasar Jamus, a ƙarfen gadoliniyom, daga baya aka same shi a uraniyom. Ɗayan kuma yana bayyana a cibiyoyi masu rarar nutoron, irin ta dalma 208. Masana da dama na ganin rarar ce ke taruwa a baya kamar ɓawo, tana girgiza a kan cibiyar.

Amfanin saninsu yana ga nutoron. Idan cibiya ta haɗiye nutoron, sai ta fitar da rarar makamashi ta hasken gamma kafin ta natsu, kuma waɗannan motsin na sauƙaƙa fitarsa. Ta irin wannan haɗiya ce uraniyom 238 ke rikiɗa ya koma fulutoniyom 239 a tashoshin lantarki na nukiliya, don haka lissafin injiniyoyi na buƙatar awo mai inganci.

Masu binciken taurari ma suna amfani da awon don fahimtar yadda zinariya da uraniyom suka samu, tun kafin samuwar duniyar nan.